Zan mayar da SV650 ɗina daga injekta zuwa kafireta, yaya zan yi da wutar fulogi?

Ɗan_Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda hannunsu ya taɓa shiga irin wannan aiki.

Babur ɗina Suzuki SV650 ne ƙirar 2005, mai injekta, silinda biyu. Ɗan Kwatano ne, a hannun wani na saye shi nan Kano, kuma tun da na fara hawansa ban san komai ba sai juyen baƙin mai da canjin taya. Kwanakin baya ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar baya ya tsage, na kai wa wani mai walda a unguwarmu. Bawan Allah ya maƙala wayarsa can gaba kusa da inji, ya yi ta ɗana wuta a baya, batir a haɗe, komai a haɗe. Walda kam ta yi kyau. Amma da na murɗa makulli, ɗan kukan nan da famfon mai ke yi kafin a tayar, shiru. A mita, inda ya saba nuna zafin ruwa, sai ga CHEC. Sitata na juyawa garau, fulogi ba wuta, injekta ba mai.

Bakanikena ya ce biren bos, wato akwatin kwamfutar da ke sarrafa inji, ya ƙone. Mun zaga Ƙofar Ruwa ba mu dace ba. An turo min hoton wani daga Legas, da muka duba ashe na 2007 ne, mai fulogi bibbiyu a kowace silinda, nawa kuwa ɗaiɗai ne. Shi ne bakaniken ya ce mu huta da wahala, mu yi masa abin da ake yi wa Golf: a tuge injekta, a sa kafireta, a ɗaura CDI na Boxer, wato akwatin da ke ba fulogi wuta, a sami famfon tanki irin na acaɓa, shi ke nan.

Abin da ya sa maganar ta shige ni shi ne na sami kafireta biyu a haɗe, Mikuni mai faɗin milimita 39, daga wani mataccen SV650 na 2001, wato tsohuwar ƙira tun kafin su koma injekta a 2003. Mai su ya ce in zo in ɗauka a farashi mai sauƙi. Injin da aka ciro su a kai ma yana nan a shagonsa, fistin ɗaya ya fashe.

To kafiretar nan za ta zauna a kan injina? Yaya zan yi da famfon da ke cikin tanki? Sannan abin da ya fi damuna, maganar CDI ɗin Boxer ɗin nan zuciyata ba ta kwanta da ita ba, amma ba ni da hujjar da zan ba bakaniken. Don Allah kada a ce in sayar da babur ɗin, ba zan sayar ba.

Baba_Panteka:

Wa alaikumus salam ɗana. Ni tun ana gyaran 504 nake riƙe da sifana, kuma motocin da na mayar kafireta ban san adadinsu ba. Zan faɗa maka ɓangaren mai, wuta kuwa in bar wa yara masu mita.

Ka yi sa'a da kafiretar gidansu ce. Injin 2001 da na 2005 duk cc 645 ne, faɗin silinda ɗaya, don haka jet ɗin da ke ciki ba zai yi nisa da abin da injinka ke so ba. Babban jet nasu 137.5 yake zuwa, in ka buɗe ka ga an ƙwaƙule shi da allura ko waya, jefar da shi. Amma kada ka ɗauko kafireta tsirara. Ka haɗo da robobin da ke riƙe ta a kan inji, da akwatin iska, da wayoyin totur, da wayar cok har da hannunta, domin naka mai injekta ba shi da cok ko kaɗan. Ka tura babur ɗinka har shagon, a ɗora a gani kafin kuɗi ya fita daga aljihunka. Firem ɗin tsohuwar ƙira daban yake da naka, akwatin iska zai iya taɓa tanki.

Irin wannan kafireta iska ce ke ɗaga fistin ɗinta, ba waya ba. A samanta akwai murfi, ƙarƙashinsa wata baƙar roba mai laushi. Cire ta a hankali, ka ɗaga ta saitin rana kana ɗan jan ta da yatsu. Ko huda kamar ta allura ka gani, silindar nan ba za ta taɓa karɓar wuta yadda ya kamata ba, za ka murɗa totur ta yi ta shaƙewa. Roba ce da ta haura shekara 20, kada ka yi mata kyakkyawan zato. Ka duba allurar fulot, in bakinta ya yi zobe to za ta riƙa zubar da mai. Kuma kada yaron shago ya wanke maka robobin nan da tina.

Wasu za su ce ka yar da akwatin iska ka sa ƙananan filta masu kama da kofi, wai ya fi kyan gani. Kada ka yarda. Kafireta mai aiki da iska ba ta son iskar da ke kaɗawa, ga kuma ƙurar hunturu ta Kano, kafin damina ringi ya tafi.

Famfon cikin tanki kuwa, ko da wasa kada a haɗa shi da kafireta. Bar 3 yake turawa, wato wajen psi 43, alhali allurar fulot psi 2 zuwa 3 kawai take iya tarewa. Ka haɗa su, mai zai cika silinda ya gangara cikin baƙin mai, in Allah bai tsare ba ya zubo kan salansa. Famfon acaɓa shi ma ba zai wadatar ba, don kafiretar a tsakiyar silindu take zaune, sama sosai, in mai ya yi ƙasa a tanki ba zai gangaro da kansa ba. Shi ya sa tsohuwar ƙirar take da ɗan famfo mai aiki da numfashin inji. In yana jikin mataccen injin, ɗauko shi. In babu, nemi ƙaramin famfon lantarki irin na babur Virago ko tsohuwar Africa Twin.

Kada a huda tanki, kada a kai shi walda, ka dai ga abin da walda ta ja maka. Farantin da ke riƙe da famfo a ƙasan tanki a bar shi, motar famfon kawai za a cire a sa tiyo mai jure fetur da matata a bakinsa. Na'urar da ke kunna fitilar ƙarewar mai a jikin wannan farantin take, in ka yar da shi ka rasa ta.

In an gama sai a daidaita bakin biyun. Ba sai da na'ura ba. Sami farar tiyo doguwa, ka lanƙwasa ta gida biyu ka ɗaure a jikin katako, ka zuba baƙin mai ya kai kamar kamu biyu a kowane gefe, ka soka baki ɗaya a kowace silinda. A sulo, gefen da ya fi zuƙa zai ja man sama. Ka riƙa juya sukurun da ke tsakaninsu kaɗan-kaɗan har man ya tsaya kai ɗaya. Yatsanka na kusa da makulli, kada inji ya shanye man.

Riwaya_Samaru:

Baba ya gama magana a kan mai, Allah ya ƙara girma. Malam Ɗan Gwammaja, zuciyarka ta faɗa maka gaskiya, ga hujjar da za ka kai wa bakanikenka.

Tsofaffin motocin da ake mayarwa kafireta suna da distirbuta, ko kuma akwai ramin da za a soka ta tsohuwar ƙira. Ita ke raba wuta, biren bos ya tafi ko ya zauna. Babur ɗinka ba shi da wannan. Akwatin da ya mutu shi ke buɗe injekta, kuma shi ɗin ne dai ke yanke lokacin da kowane fulogi zai kama. Kafireta rabin aikinsa kawai za ta karɓa.

CDI na Boxer an yi shi ne don silinda ɗaya. A jikin kwanon magneto na ƙaramin babur tudu ɗaya ne, ya wuce gaban fikof, wato sensar da ke jin wucewarsa, sau ɗaya a kowane zagaye, CDI ya saki wuta. Kwanon SV mai injekta haƙora ne jere a bayansa da giɓi a wuri ɗaya, biren bos na ƙirga su don ya san inda karanshaf yake. Ka ba CDI wannan saƙo, duk haƙorin da ya wuce sai ya harba. Sannan silindunka a buɗe suke digiri 90, ba tare suke kaiwa sama ba. In ɗaya ta kama wuta, karanshaf zai juya digiri 270 kafin ɗayar, sannan 450 kafin a dawo kan ta farko. Akwati ɗaya mai harbi ɗaya ba zai iya wannan rabo ba.

Na san abin da zai ce: a goge haƙoran da giranda a bar ɗaya, a ƙara fikof na biyu, a sa CDI biyu masu cin wutar batir. Babur zai tashi, ban musa ba. To amma da wane taimin, wato a wane lokaci wutar za ta riƙa kamawa? Injinka a sulo, wajen zagaye 1,300, wuta na kamawa ne digiri 5 zuwa 7 kafin fistin ya kai ƙarshen sama, in ya ɗau gudu ta matso gaba ta haura digiri 30, kuma yana juyawa har sama da 10,000. Matsinsa 11.5 ne a kan 1. CDI ɗin ƙaramin babur da nasa lissafin aka rufe shi, ba a buɗewa a gyara. In wuta ta yi gaba da yawa za ka ji ƙwal-ƙwal a inji lokacin hawa gada, wannan fistin ne ke cin duka, ƙarshenta ya huje. Wajen tayarwa kuma inji ya riƙa tokarin baya har ya karya kulocin sitata. In ta yi baya, wuyan salansa ya yi ja, bawul ya ƙone. Kuma kwanon da aka goge ya tafi ke nan, ko gobe ka sami biren bos ba zai karanta shi ba.

Akwai kuma maganar kwayil. Wutar SV ba CDI ba ce tun asali, TCI ce. Ita TCI volt 12 take sakar wa kwayil ya cika, sai ta yanke, yankewar ce ke haifar da tartsatsi. CDI kuwa tara wuta yake a cikinsa, volt ɗari biyu zuwa sama, ya watsa wa kwayil lokaci guda. Ka sa mita a ƙananan bakin kwayil, na TCI zai ba ka om biyu zuwa biyar ko kusa da haka, na CDI bai kai om ɗaya ba. Ka sa kwayil ɗin CDI a akwatin TCI, akwatin zai yi zafi ya ƙone.

In ka dage sai kafireta, hanya biyu na yarda da su. Ko dai ka kwaso wutar tsohuwar ƙirar gaba ɗaya daga injin 2001 ɗin, kwano da kwayil ɗin caji da fikof da akwatin wutarsa, tunda tare aka yi su, a gwada kwanon a bakin karanshaf ɗinka a tabbatar ya zauna. Ko kuma ka bar kwanonka yadda yake, ka sayi akwatin wuta da ake saitawa da kwamfuta, irin TCIP4 na kamfanin Ignitech da ke ƙasar Cek. Shi ana gaya masa yawan haƙora, da inda giɓi yake, da tazarar silinda ta biyu, a zana masa yadda taimin zai riƙa matsawa. Yana aiki da kwayil ɗinka na asali, yana ba agogon zagayen inji saƙo, yana iya kunna rilen famfo ya kashe shi in inji ya tsaya. Ni ta biyun na fi so, don ba a taɓa ƙarfe.

Sai dai ka lura da inda muka iso. Ka gudu daga akwati, ka dawo kana odar wani akwati daga Turai, da laftof a kai. Jirgin da zai kawo shi zai iya kawo biren bos ɗin 2005 na hannu. Lambarsa na rubuce a bayansa, tana farawa da 32920, da ita ake nema ba da sunan babur ba.

Kafin duk wannan, waye ya tabbatar ya mutu? CHEC ba ta nufin akwati ya ƙone, tana nufin mita ba ta jin muryarsa ne kawai. Makunnin kashe inji mai jan launi na hannun dama, rilen sitan ɗin jingine babur, ko fis, duk suna kawo ta. Tunda ka ce sitata na juyawa, waɗannan ukun da alama lafiyarsu ƙalau. Saura a zare soket ɗin akwatin a auna ko volt 12 na isowa, a auna wayoyin negatif ɗinsa zuwa jikin inji, domin wutar walda ta fi son bin siraran wayoyin nan ta ƙone su a cikin damin wayarin inda ido ba ya gani. Sannan a mayar da soket, a auna bakin sensar totur, ya kamata a ga volt 4.5 zuwa 5.5. In babu, a riƙa zare sensa ɗaya-ɗaya, wani lokaci guda ce ta haɗe take danne sauran. In akwatin ya farfaɗo, akwai wani farin soket a ƙarƙashin kujera da ake haɗa bakinsa biyu, mita ta nuna lambar ciwon: C00 lafiya, C12 fikof, C14 sensar totur, C23 sensar faɗuwa, C41 rilen famfo, C42 makulli. Na sha karɓar babur da aka yi wa biren bos ɗinsa sallar gawa, ashe waya ɗaya ce.

Mahayin_Filato:

Ni dai ra'ayina kada ka yi. V-Strom 650 nake hawa, injinsu ɗaya da naka in ban da ɗan bambanci, kuma ina zirga-zirga tsakanin Jos da Kano da Abuja.

Jos ta haura mita 1,200 a sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba. Iskar nan ta fi ta can sirantaka. Injekta na da sensar da ke auna nauyin iska da wadda ke auna zafinta, tana rage mai ko ta ƙara ba tare da ka sani ba. Kafireta abin da aka saita mata shi ta sani. Gaskiya irin wadda ka samu tana ɗan gyara kanta, ba za ta ajiye ka a hanya ba, amma in an saita ta a Kano ka hauro nan za ka ga fulogi na baƙi, babur na nauyi. Wanda ya fi haɗari shi ne a saita a Jos ka gangara Lokoja cikin zafi, mai ya yi kaɗan, inji ya ɗau zafi. Da sanyin asuba na Disamba a nan kuwa, ni maɓalli nake dannawa sau ɗaya, abokaina masu kafireta na fama da cok.

Sai kuɗin mai. Ina samun wajen kilomita 20 a lita in ban matsa masa ba. Kafiretar da aka daidaita da kyau za ta kusanci haka, amma wadda aka saita da kunne a bakin titi ba za ta kusa ba, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san yadda lita take.

Akwai abin da ba wanda ya ambata sai a lambar C23. Sensar faɗuwa aikinta in babur ya kwanta ta kashe inji da famfo. Ranar da ka zame a kwana, ƙafarka a ƙarƙashin babur, ita ce ke hana taya ci gaba da juyawa da fetur ci gaba da zuba. Da biren bos take aiki. Ka cire shi, ta zama ado.

Mitarka ma CHEC za ta riƙa nuna maka har abada, ba za ka ga zafin ruwa ba, a inji mai lagireto, a Kano, a watan Afrilu. Dole ka sayi agogon zafi daban, ka kuma tabbatar fanka na tashi da kanta. Ka ce ba za ka sayar ba, to Allah ya bar ku tare, amma duk wanda ya san babur in ya ɗaga tanki ya ga an yanka wayarin, rabin kuɗi zai taya.

Inda nake ganin wannan aiki ya halatta shi ne baburan da makullinsu ke da guntun lantarki a ciki, irin HISS na Honda, in makulli da akwati duk sun salwanta. Naka bai kai can ba.

Na_Damagaram:

Salamu alaikum. Mutumin Jos ya yi maganar mai kwalta, bari in yi ta mai rairayi. Mu nan in ka bar gari ka nufi Tanut ko Agadas, isansin kwalba, wato fetur ɗin bakin hanya, za ka sha, wani da ruwa, wani da ƙasa a gindi. Moto, wato babur, mai karbiratar in ta shaƙe, ka kwance sukuru ɗaya a ƙasa ka zubar da ruwan, ka hura jet da baki, ka goge buji, wato fulogi, ka wuce. Famfon injekta in ya mutu a daji, sai dai a ɗora moto a bayan mota. Shi ya sa har yau Indiya, da galibin motocinta suka koma injekta a gida tun 2020 saboda dokar hayaƙi, mu masu karbiratar take aiko mana, kuma su muke so.

Amma fa motocin da muke shiga daji da su silinda ɗaya ne, da kik, an haife su da karbiratar. Taka ba ta da kik, akwatin wutar da za ka sa shi ma sai da batir. In batir ya mutu kana nan inda kake, da injekta ko babu. Moto ce ta kwalta, ka bar ta a kwalta.

Mahayin_Filato:

Malam na Damagaram, gurɓataccen mai ba ya ƙyale kowa. Lokacin da aka shigo da fetur mai yawan metanol a Najeriya a farkon 2022, robobin kafireta ma sun ji jiki, ba famfon injekta kaɗai ba.

Ɗan_Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na je shagon da babur a bayan a-kori-kura. Robar saman kafireta ɗaya lafiya lau, ɗayar na ɗaga ta a rana sai ga haske ta wuri biyu kusa da baki. Wayar cok ta gaba ta ci tsatsa ta kafe. Famfon nan mai aiki da numfashin inji yana nan. Akwatin wutar 2001 ɗin kuwa an riga an sayar, akwatin iska ma babu.

Oga Riwaya, mun yi awon da ka ce. Volt 12 na isowa soket, wayar negatif ɗaya ta ƙone a cikin dami, roba ta narke ta manne da maƙwabciyarta. Mun gyara, muka murɗa makulli da murna, CHEC na nan. A bakin sensar totur babu ko volt ɗaya, mun zare sensa duka bai dawo ba. Da muka shinshina akwatin ta wajen soket, ƙauri yake. Wani ɗan ƙungiyarmu mai irin babur ɗin ya ƙi ba da aron nasa a gwada, kuma ban ga laifinsa ba.

Na fasa maganar CDI ɗin Boxer, bakaniken ma da na karanta masa bayanin digiri 270 ɗin ya yi shiru. Na ba wani ɗan'uwa da ke Jamus lambar akwatin ya duba min wajen masu sayar da kayan baburan da suka yi haɗari. Kafiretar dai na biya na ajiye, in ba a samu ba zuwa bayan salla zan yi odar akwatin da ake saitawa. In ta kai ga haka, ta ina ake farawa ranar da za a tayar?

Riwaya_Samaru:

Ƙauri da rashin volt 5 bayan an zare sensa duka, wannan kam ya tafi, Allah ya mayar da alheri. Abokinka ya yi daidai da ya hana, wayarin da bai gama warkewa ba zai iya cinye nasa.

Ko wane akwati ya zo, na asali ko na saiti, kada ka soka shi sai an warware damin wayoyin nan daga inda ya ƙone har ƙarshensa an duba kowace waya. A auna kwayil biyun da fikof. Raktifaya mai daidaita wutar caji ma abin tuhuma ce, walda na kashe ta. Da zarar inji ya tashi ka sa mita a kan batir, a zagaye 5,000 ka ga tsakanin volt 14 da 15.5. In ya haura haka kashe nan take, in ba haka ba sabon akwatin zai bi tsohon.

In na saitin ne, ranar farko ba a haɗa mai. Cire fulogi biyun ka jingina su a jikin inji, kuma su zama masu R, irin CR8E da babur ɗin ke zuwa da su, don marasa R na rikita akwati. A murfin magneto akwai ƙaramin rami, ta nan ake ganin layin F na silindar gaba da layin R na ta baya. Ka shafa musu farin fenti. Haɗa fitilar taimin a wayar fulogin gaba, a danna sitata, ka ga layin F na walƙawa dab da alamar. Ka koma ta baya ka nemi R. In F ya fito a wayar baya, an juya kwayil. In layin na tsalle ko ya kauce da nisa, juya wayoyin fikof biyun, suna da gaba da baya. Sai lambar da laftof ke nunawa ta yi daidai da abin da fitila ke nuna maka a silinda biyun, sannan a buɗe mai.

A toshe bututun da ke kai iska cikin salansa, in ba haka ba zai riƙa harbi duk lokacin da ka saki totur. Ka sa iyakar zagaye ƙasa-ƙasa a makon farko, kamar 8,000, har ka ga kalar fulogi ta zama ruwan ƙasa a duka biyun. Injekta da famfo da damin wayoyin da ka cire kuma a zuba su a kwali a ajiye, kada a yanka soket ko ɗaya, a yi wa sabon akwatin nasa wayarin daban.

Turo min hoton bayan kwanon magneto in an buɗe, in ƙirga haƙoran da kaina kafin ka yi oda.